Jinin Kyaftin Maloni da Jinin Audu Timtim



Na daɗe ina lura da wani abu a labaran tarihi da muke rubutawa. Duk wanda ya ɗauko zuwan Turawa a cikinmu, ɗayan biyu yake yi. Ko dai ya kwashe abin da ke littafin makaranta ya sa masa rigar Hausa, ko kuma ya hau dokin zuciya ya mai da duk wanda ya zare wa Bature takobi waliyyi. Yau ina so mu ɗauki labari guda, wanda igiyarsa ke ɗaure da Zariyar nan tamu, mu juya shi mu ga cikinsa: kisan Kyaftin Maloni a Keffi a 1902, da yadda Gwamna Lugga ya riƙe wannan jini ya ɗora shi a wuyan Sarkin Kano Alu har aka kai ga cin Kano. Ra'ayina tun daga farko, kukan da Lugga ya yi na cewa an kashe mutum ba a hukunta kowa ba, kukan neman ƙasa ne. Marubucin da kunnensa bai jiyo haka ba, rahoto zai rubuta wa Lugga a kyauta, ko da kuwa da Hausa ya rubuta.

Bari mu fara da Keffi, don na san wasu za su ce ina ruwan Zariya da garin da ke Jihar Nasarawa. A wancan zamani Keffi a ƙarƙashin Zazzau take, kamar Jama'a da Nasarawa. Tana da sarkinta, amma Sarkin Zazzau yana da wakili a garin mai sarautar Magaji, wanda ke kula da cewa gandu da gaisuwa sun iso Zariya. A 1902 mai riƙe da wannan sarauta shi ne Ɗan Yamusa, kuma ƙarfinsa ya kai inda shi ake tsoro a garin fiye da sarkin kansa. Mayaƙi ne, yana da dawakai da bindigogi, kuma babban abin da ke shigo masa da dukiya shi ne kai hari ƙauyukan da ke kewaye da Keffi a kamo mutane. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar 3 ga Oktoba 1902, Razdan na lardin, Kyaftin Maloni, ya je ƙofar fadar Keffi ya aika a kira Magaji. Maloni ba ya iya tafiya sosai, saboda raunin da ya samu a ƙafa a wani yaƙi can kudu shekaru kafin nan. Magaji ya ƙi fitowa. Aka tura mataimakinsa, Webster, ya shiga gidan, ya zarce har inda baƙo ba ya zuwa, aka lakaɗa masa duka aka fito da shi. Maloni ya ce a je a kira soja. Da Magaji ya ga alamar soja na tafe, sai ya fito a kan doki da mutanensa, aka kashe Maloni nan take. Aka kuma kashe tafintansa, Audu Timtim. Magaji ya yi arewa, ya ratsa ƙasar Zazzau, bai zame ko'ina ba sai Kano.

A Kano, Sarki Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya karɓe shi hannu biyu. Rahoton Turawa ya ce an ba shi gida, kuma idan sarki ya hau, a damansa Magaji yake tafiya. Wannan karɓa ita Lugga ya kama. Hujjarsa, in an taƙaita ta, ita ce: muddin za a kashe Bature a kwana lafiya, to kwarjinin gwamnati ya zube, kuma da kwarjini kaɗai 'yan tsirarun Turawa ke riƙe da ƙasa mai faɗi haka. A idonsa abin da ya kamata Alu ya yi shi ne ya kama Magaji ya miƙa. Tunda ya karrama shi, to ya zaɓi yaƙi.

Idan ka karanta haka a jere, an yi kisa, an ɓoye mai kisa, aka zo kama shi, sai ka ji kamar shari'a ce ke tafiya. Jimlar ta yi santsi, shi ya sa take shigewa. Amma mu ɗauko kalanda mu ajiye kusa da ita.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya shelanta cewa duk Arewa tana ƙarƙashin kariyarsu, har da Kano da Sakkwato da sojansa bai taɓa takawa ba. A farkon 1901 aka ci Kwantagora da Bida. A watan Satumba na shekarar aka ci Yola. A farkon 1902 aka shiga Bauchi. A 1902 ɗin dai aka girke soja a nan Zariya, da Razdan Kyaftin Abadie, wanda aka yi wa laƙabi da Mai Jimina. Duk wannan Maloni yana raye yana shan iska. Wanda ya ci Bida da Yola da Bauchi, ya zo ya zauna a Zariya, ina kuke jin ya dosa? Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Kano ce kasuwa, ita ce hanyar fatake zuwa Sahara, ita ce kuma ke tsakanin Lugga da iyakar da Ingila ke shirin shatawa da Faransa a arewa.

Abin da Lugga ya rasa shi ne dalilin da zai gamsar da iyayen gidansa a Landan. Ba a daɗe da gama yaƙin Afirka ta Kudu ba, a watan Mayu 1902, yaƙin da ya cinye musu kuɗi da mutane, kuma ofishin kula da ƙasashen mallaka ba ya marmarin wani sabo. Har ma a jarida manyan ofishin suka fara ganin labarin cewa ana shirin fita yaƙin Kano, abin da ya ɓata musu rai, aka kuma yi tambaya a kai a majalisar dokokinsu. To mutumin da ke cikin wannan hali, jinin Maloni ya zo masa kamar faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya haɗa shi da wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ke cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Wasiƙar nan, fassararta ta Turanci ce ke yawo a littattafai, kuma D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya yi doguwar muhawara a littafinsa na 1964 yana tuhumar ingancinta.

Yanzu mu shiga fadar Kano, don nan ne nake ganin labarin yake, nan ne kuma muke tsallakewa da gudu. Ka sa kanka a matsayin Alu. Ka hau gadon nan ne ta bakin takobi, bayan Basasar da aka yi tsakanin Yusufawa da Tukurawa daga 1893, kuma har yanzu akwai gidajen da ba su manta ba. Ka sha fama da Damagaram daga arewa. Ga Turawa a Zariya, tafiyar 'yan kwanaki. Sai ga mutum ya iso ƙofarka, Musulmi, basarake a daular da kake ciki, ya ce ya zo neman mafaka. Idan ka ɗaure shi ka aika wa Nasara, me ka faɗa wa malaman Kano? Me ka faɗa wa hakimanka, waɗanda kowannensu zai kwana yana lissafin ranar da za a miƙa shi? Abin da ya fi wannan nauyi, ka amsa da bakinka cewa akwai wata kotu a sama da taka da ta Sakkwato, kuma a Zungeru take zama. Magaji bawan Sarkin Zazzau ne a sarauta, Sarkin Zazzau kuma na Sarkin Musulmi. In akwai mai tuhumarsa da jini a tsarin da Alu ya sani, ta wannan hanya za a bi. Miƙa shi ga Lugga mubaya'a ce ba tare da an kira ta da sunanta ba.

Idan kuma ka ƙi, ka ba su abin da suke nema. Gaba kura, baya sayaki. Irin wannan buƙata an gina ta ne yadda duk amsar da ka bayar mai tambaya ne ke da riba, kuma wannan shi ne abin da nake so mu koyi ganewa idan muna karanta takardun wancan zamani. Ban ce Alu ya yi dabara ba. Hawa da Magaji a dama a bainar jama'a tsokana ce, kuma ficewar da ya yi da dubban mahaya zuwa Sakkwato a farkon Janairu 1903, don gaisuwa ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru, ta bar Kano a hannun tsirarun mayaƙa a lokacin da kowa ya san abin da ke tafe. Mai rubutu yana da damar ya tuhume shi a kan wannan. Amma ya tuhume shi a matsayin mutumin da aka rufe wa ƙofofi, kada ya zana shi kamar wani mai taurin kai da ya ƙi bin doka, don dokar da ake magana ba ta zama tasa ba tukuna.

Salon kuma ba a kanmu aka fara shi ba. A 1837 wani jirgin ruwa mai tafiya da tutar Ingila ya lalace kusa da Adan, a ƙasar Yaman, aka wawashe kayansa aka wulaƙanta fasinjojinsa. Ingila ta ɗora laifin a kan Sarkin Lahaj, mai mulkin wurin, ta aika Kyaftin Haines neman diyya. Maganar diyya ta rikiɗe ta zama maganar a ba su tashar jirgin, a watan Janairu 1839 suka ƙwace Adan da igwa, ba su fita ba sai 1967. Tun kafin jirgin ya lalace suna neman inda jiragensu masu zuwa Indiya za su riƙa shan gawayi. A Binin, kisan Phillips da tawagarsa a Janairu 1897 ya jawo ƙona birnin a wata mai bi masa, aka kwashe kayan tagullar da har yau ake roƙon a dawo da su. Faransawa ma haka suka yi a Damagaram: an kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, a 1899 suka zo suka ci garin, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa. Kowane ɗaya akwai laifi na gaske a farkonsa. Abin dubawa shi ne abin da mai neman haƙƙi ya koma gida da shi.

Mu ƙirga abin da aka biya a namu. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja sama da 700, da igwa da bindigogi masu ruwa. A Bebeji suka fasa ƙofar gari da igwa, sarkin garin ya mutu tare da mutanensa. Ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano ta wajen Kabuga, aka kashe ɗaruruwan masu tsaron ganuwa, Sarkin Shanu ya mutu yana kare gidan sarki. A ƙarshen watan aka yi karo a Kwatarkwashi da rundunar Kano mai dawowa daga Sakkwato, Waziri Ahmadu ya faɗi. Ranar 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Ranar 27 ga Yuli aka yi na Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu tare da mutum sama da 600, kuma a cikin waɗanda aka lissafa sun mutu a wurin har da Magajin Keffi. Wato mutumin da aka ce shi ake nema, sai bayan an gama cin ƙasar duka aka same shi. Da aka shiga Kano ba ya nan, kuma ba wanda ya ce to a juya.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya idan na karanta labaranmu: mukan rubuta "sojojin Turawa" kamar duk farare ne. Turawan da ke cikin rundunar Morland 'yan kaɗan ne, hafsoshi. Masu ɗauke da bindigar yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa da sauran mutanen ƙasar nan. Wanda ya harba a Kabuga da wanda aka harba, mai yiwuwa da harshe ɗaya suka yi salati. Ga labari nan zube a ƙasa, ba mai ɗauka.

To, na san akwai mai jira ya ce: ashe ka yarda Magaji gwarzo ne. A nan zan ɓata wa wasu rai. Jarumtarsa ba abin musu ba ce, mutumin da ya bi Sarkin Musulmi har Burmi ba matsoraci ba ne. Amma kafin jinin Maloni akwai jinin da ya fi shi yawa a ƙauyukan da ke kewaye da Keffi, na mutanen da aka kashe a hari, da na waɗanda aka ɗaure aka yi arewa da su, wasunsu a matsayin gandun da ake kawowa Zariya. Su ma ba a hukunta kowa ba. Jikokinsu suna nan, 'yan Nijeriya ne kamarmu, wasu muna aji ɗaya da su a Samaru, kuma idan muka rubuta Magaji fari fat kamar madara za su karanta. Wanda ke shakkar yadda talaka ya ji wancan zamani ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa da Zariya wajen 1949 zuwa 1950. Giwa fa, nan gaba da Shika, ba wata uwa duniya ba. Tsohuwar ta ba da labarin yadda ake sace mata da yara a gona da hanya, da yadda dangi ke haɗa kuɗin fansa. Bahaushiya ce Musulma, ba ma daga ƙauyukan kudu ba.

Saboda haka idan Lugga ya ce yana yaƙi da cinikin bayi, ba ƙarya zalla yake yi ba, kuma hare-haren sun ragu ƙwarai bayan zuwansu. Sai dai ku lura da jinin da ya tayar da runduna. Shekaru ana kamo mutane a Keffi, Landan ba ta girgiza ba. Da aka taɓa mutum ɗaya mai farar fata, cikin wata huɗu Kano ta faɗi. A cikin hujjar da Lugga ya bayar da kansa, kwarjini ya ambata. Ya faɗi gaskiyarsa, mu ne ba mu saurara ba.

Shi ya kawo ni kan Audu Timtim, wanda na sa sunansa a take da gangan. Rana ɗaya suka mutu da Maloni, wuri ɗaya, a hannun mutane ɗaya. Yau a Keffi akwai dutse mai sunan Maloni, masu yawon buɗe ido na zuwa. Audu kuwa, abin da ya rage masa a littattafai zargi ne: an ce yana juya magana, yana faɗa wa Magaji cewa Bature na shirin kama shi, yana faɗa wa Bature cewa Magaji na shirin kashe shi. Ko da zargin gaskiya ne, ku dubi yadda ya yi wa kowa daɗi. Ya wanke Bature daga rashin iya hulɗa, ya rage wa Magaji laifi, ya ɗora komai a kan wanda ba shi da sarki ko gwamna da zai nemi jininsa. Mu da sana'armu harshe ce, ya kamata wannan mutum ya hana mu barci. Bature ba ya jin Hausa yadda ya kamata, basarake ba ya jin Turanci, duk abin da zai wuce tsakaninsu sai ta bakin mutum ɗaya, wanda ke karɓar albashi a wajen ɗaya yana kuma kwana a garin ɗayan. Me yake tsoro? Wa yake bin bashi? Da wace kalma ya fassara "ka fito", da ta gayyata ko da ta umarni? Wanda ya iya rubuta wannan safiya ta 3 ga Oktoba daga idon Audu, ya rubuta littafin da ba mu da shi.

Kuma ba sabon abu nake roƙo ba. A nan Zariya aka shirya gasar 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na farko ya taɓo yaƙi da Turawa, na biyu ya bi rayuwar wanda aka sace aka bautar. Sun yi haka Bature na zaune a kan teburin da za a duba rubutun. Mu ba mai duba mu, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, daga Bomo ko kuɗin mota ba sai ka biya ba, ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Shawarata ɗaya ce ga mai zuwa: idan ka buɗe rahoton Razdan, ka sa ido a kan kalmomin da ya zaɓa. Inda nasa ya mutu zai ce kisan gilla, inda ɗari uku na wani suka mutu zai ce an yi asara a ɓangaren abokan gaba. Fitar yaƙi kuma sunanta tafiyar ladabtarwa. Kada ka fassara waɗannan kalmomi ka zuba a labarinka kamar naka ne.

Saura Sarkin Zazzau, ubangidan Magaji. Muhammadu Kwasau shi ne ya nemi taimakon Turawa da kansa, lokacin da Sarkin Sudan Ibrahim na Kwantagora, bayan an kore shi daga garinsa, ya addabi ƙasar Zazzau da hari. Suka zo, suka kama Ibrahim, suka kuma zauna. Kafin 1902 ta ƙare sun zargi Kwasau da haɗa baki da Kano, Abadie ya ɗauke shi daga Zariya, Galadima ya riƙe gari na 'yan watanni. A 1903 Lugga ya naɗa Aliyu Ɗan Sidi, mawaƙin nan mai Tabarƙoƙo. Shi Kwasau bai yaƙe su ba, bai rufe musu ƙofa ba, ƙarshensa Lakwaja. Alu da ya karrama Magaji, an kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Aliyu Ɗan Sidi kuwa, wanda su da kansu suka zaɓa, sun tuɓe shi a 1920, suka aika shi Lakwaja ɗin dai, ya tarar da Alu yana nan da rai.